Ƙafar Dama Biyu a Keken Kawu Zakeyu

Ganizani ya dawo daga Joni, babban birnin nan na kudu da ake zuwa ci-rani, da injin huda ƙarfe mai aiki da lantarki, da shuɗiyar rigar aiki mai sunan wani mutum a ƙirji. Sauran kayansa duk labari ne. A faɗarsa, shekara huɗu ya yi a masana'antar da ake ƙera kayan jirgin ƙasa, kuma Turawan wurin ko gwangwanin madara ba sa hudawa sai an kira shi. Matarsa Tamanda ta taɓa ganin hotonsa a ƙofar masana'antar, riƙe da tsintsiya mai dogon mariƙi. Ba ta tambaya ba. Ita dama ko a gidansu sai an kira sunanta sau biyu take ɗago kai.

Kamar kowane sabon suruki a garinmu, a gidan su matarsa yake zaune, ɗakinsu na bayan rumbun surukarsa Nangozo. Bai cika mako da dawowa ba ya kwashe tukwanen Tamanda daga ɗakin girki ya jera su a gindin mangwaro. Ya kafa tebur a ciki, ya ɗaura mamatsin ƙarfe, ya rubuta INJINIYA da gawayi a bango. Damina kuwa saura wata biyu.

Akwai wani fili a bakin titin Salima, daura da inda 'yan kabaza ke jingine kekunansu suna jiran fasinja. Na dangin Tamanda ne, maganarsa kuma a hannun kawunta Zakeyu take, yayan Nangozo, wanda ya yi shekara talatin yana ɗaukar mutane a bayan keke. Da Ganizani ya je roƙon filin, Kawu ya saurare shi har ya gama labarin jirgin ƙasa, sannan ya ce, "In na ga aikin hannunka, filin naku ne, ka kafa rumfarka. In ban gani ba, akwai mai sayar da katin waya da ke so."

Tun daga ranar Tamanda ba ta da addu'ar da ta wuce filin nan. In aka samu, ƙarafa su fita, tukwane su koma inuwa kafin ruwa ya sauko, su ma su tashi daga sahun 'yan bayan rumbu.

Ran Litinin suka shiga gari sayen kayan aiki, shi a gaba da rigar Joni, ita a baya da kwando. Mai shagon ƙarafa, wani tsoho ana ce masa Kapito, ya zuge aljihun tebur cike da bakunan huda.

"Na me kake so? Ƙarfe, katako, ko bango?"

"Baba, baki ai baki ne. Hannun mai hudawa ake dubawa."

Ganizani ya sa yatsa ya ture baƙaƙen sirara gefe, ya tsinto wasu farare masu walƙiya, masu faɗin kai kamar mashi.

"Waɗannan na siminti ne," in ji Kapito.

"To abin da ya huda siminti, ƙarfe ne zai gagare shi?"

Kapito ya kalli Tamanda. Tamanda ta kalli babban yatsan ƙafarta.

Suka haɗa da akwatin ƙarafan yanke tiredi, wato zaren nan da noti ke bi yana shiga: masu kama da kusa na yankan cikin rami, masu kama da zobe na yankan jikin sanda. Kapito ya fara cewa, "In za ka yanka, ramin sai ya..." Ganizani ya ɗaga masa hannu. "A ajiye wa almajiran sana'a wannan, Baba."

Aikin farko maƙwabciya ce ta kawo, Abiti Juma mai suyar mandasi, fanken garinmu. Mariƙin kaskonta ne ya cire, tana son huda biyu a baki a mayar da shi. Ganizani ya sa bakin siminti mafi kauri, ya ce kowa ya ja da baya, ya kunna inji.

Ƙarar da ta tashi, karnukan unguwa sai da suka bar unguwa. Bakin ya yi ta rawa a jikin kasko, ya yi shuɗi, ya fara hayaƙi, ya zame daga bakin kaskon ya gangara har gindi, can ya tsaya yana kuka. Bayan an ɗauki lokaci, abin da aka samu ɗan tabo ne mai sheƙi kamar an goga cokali.

Nangozo na zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ba su baya, don suruka da suruki ba sa haɗa ido, ba sa magana sai da ɗan aike. Ta ce, "Tamanda, gaya wa mijinki, in kajina suka daina ƙwai saboda kukan nan, shi zai shiga akurki ya yi."

Tamanda ta tako taku uku ta durƙusa. "Maigida, Inna na yi maka sannu da aiki."

Ya ji ta farkon sarai, amma al'ada ta ce bai ji ba. "Ki ce mata na gode, ai yi wa kai ne."

Ya ɗauko babbar kusa da guduma, ya ɗora a kan tabon nan na gindi, tun da nan inji ya nuna, ya buga sau uku. Ya ɗaga kaskon sama, rana ta leƙo ta ciki.

"Ga huda ɗaya. Saura ɗaya."

"Tsaya nan, ɗan nan!" Abiti Juma ta fizge kayanta. "Mariƙi na ce maka. Wallahi da rariya nake so, da na faɗa tun farko. A me zan zuba mai yanzu?"

"Ƙarfen jirgin ruwa ne suka yi miki kasko da shi, Mama. An cuce ki tun wurin saye."

Washegari ya aiki Tamanda gari ta sayo baƙaƙen bakunan nan, ya ce don ƙananan ayyuka. Da Kapito ya gan ta ita kaɗai, sai ya ƙarasa mata maganar da aka katse. Ramin da za a yanka wa zare dole ya fi noti ƙanƙanta, in ba haka ba me ƙarfen zai ci? Noti lamba goma, ramin takwas da rabi. A ɗiga mai, a juya gaba sau biyu, a koma baya sau ɗaya don ɓurɓushi ya karye. Ya ba ta wani guntun ƙarfe ta gwada a kan teburinsa. Ta yi, noti ya shiga sumul. Ta ce, "Na gode, Baba," ta ɗauki kwandonta.

Aiki na biyu garmar shanu ce ta wani manomi mai suna Dzonzi. Rami ɗaya yake so mai zare, na noti lamba goma. Ganizani ya duba notin, ya duba bakuna, ya zaro lamba goma.

Tamanda ta shigo da kofin ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa. "Maigida, Baba Kapito ya ce ramin..."

"Lissafi ne, Tamanda. Goma da goma. Aji nawa kika yi?"

"Biyar."

"To ajiye ruwan."

Wannan karon baki ya ci ƙarfe, har Ganizani kansa ya ɗan yi mamaki. Ya ɗauko mayankin zare lamba goma, ya saita a bakin rami, ya gyara tsayuwa zai juya. Mayankin ya wuce zuruf, ya faɗo a kan yatsan ƙafarsa.

Bai ce wayyo ba. Ya ce, "Ka gani ko? Ko gefe bai taɓa ba."

Dzonzi ya leƙa ramin da ido ɗaya. "Ina zaren?"

"Yana ciki. Siriri ne, irin na Turai. Ba kowane ido ke ganinsa ba."

Dzonzi ya zura noti, ya ɗaga garma, noti ya faɗo. Ya sake zurawa, ya sake ɗagawa, ya sake faɗowa. Ya ce, "Notin ma bai gan shi ba."

Ganizani ya ce ƙarfen garmar ne ya buɗe saboda zafi, za a yi wani ramin a gefe. Don kada a sake, ya sauko har lamba shida. Ya cusa mayankin goma ba ko ɗigon mai, ya juya, ya ƙi. Ya zura wa mariƙin dogon bututu ya hau da ƙarfinsa duka. Aka ji ƙas! Rabin mayanki a hannunsa, rabi a cikin garma, ya zauna daram, ya kuma fi duk bakunan da ke ɗakin tauri.

"Wannan toshi ne," in ji shi. "Ƙara wa garma ƙarfi yake."

Dzonzi ya nemi guntuwar waya ya ɗaure garmarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa Tamanda, "'Yar nan, ki gaida Kawunki. Ki ce na kawo garma da ciwo ɗaya, na koma da uku."

Kafin la'asar 'yan kabaza sun raɗa masa suna Goma-da-Goma. Shi kuwa ya ce a Joni sai wanda ya shahara ake yi wa laƙabi.

Ran Larabar mako na gaba Kawu Zakeyu ya shigo gidan yana tura kekensa. Baƙin keke ne tsoho, da katifar baya mai geza, da madubi biyu, ana goge shi kullum safiya kafin Kawu ya wanke fuskarsa. Fedar hagu ce ke lilo, zaren hannunta ya cinye.

"Ran Asabar za mu haɗa dangi da gidan yarinyar da wan Tamanda zai aura," in ji Kawu. "Ni ke kai zakara, kawunta kuma zai ba ni kaza, haka al'ada take. A kan keken nan zan je. Na ji labarin kasko, na ji na garma. Amma ni ban gani ba. Wannan shi zan gani."

"Kawu, ka ɗauka an gama."

Tamanda ta leƙa fedar hagun. Tun tana shekara bakwai take riƙe wa Kawu sifana in yana gyaran keken nan.

Ganizani ya kai hannun fedar wurin mai walda aka cike ramin. Ya kwance fedar dama, tun da ita zarenta lafiya lau, ya kai wa Kapito ya ce a ba shi mayankin da ya dace da ita. Da Kapito ya tambayi wane aiki za a yi, ya ce sirrin sana'a ne. Ran Alhamis ya rufe ƙofa ya fara. Tamanda, da sunan share ɗaki, ta kwashe duk bakunan ta bar guda ɗaya a kan tebur, wanda ya dace, ta ajiye gwangwanin baƙin mai kusa da shi. Tana sharar tana ƙirgawa a hankali kamar waƙa, biyu gaba, ɗaya baya. Hannunsa ya bi waƙar bai sani ba.

Zare ya fito, na gaske, wanda ido ke gani. Ganizani ya fita tsakar gida ya ɗaga hannun fedar sama ya nuna wa bayan surukarsa.

Ya dawo ya ɗauki fedar hagu ya juya. Ta ƙi shiga. Ya goge ta, ya juya. Ta ƙi. Ya sa mata mai, ya zage ta, ta ƙi.

"Maigida," in ji Tamanda, muryarta can ƙasa, "ta hagu baya-baya ake ɗaure ta. Zarenta daban ne."

"Kuskuren masana'anta ne, kuka mayar da shi al'ada. Shekara talatin Kawu na yawo da shi ba wanda ya gyara masa. Je ki duba waken nan a wuta."

Ta je ta duba wake. Shi kuma ya je ya sayo sababbin feda, ya ɗauki ta dama ya ɗaura a hagu. Ta shige kamar an haife ta a wurin. Sabuwar ta hagun ya jefa ta ƙarƙashin tebur, ya ce ita ma da ciwon aka yi ta.

Ran Juma'a Tamanda ta kai wa Kawu tuwon nsima na masara da miyar ƙananan kifin usipa, da niyyar ta faɗa masa. Ta durƙusa, ta ajiye kwano, ta buɗe baki. Kawu ya ce, "Yaya aikin mijinki?" Ta tuna filin, ta tuna tukwanenta a gindin mangwaro. Ta ce, "Yana yi, Kawu."

Asabar da hantsi aka hallara. Kawu ya sa kwat da malafa, ya rungumi jan zakara mai igiya a ƙafa. Kekunan kabaza takwas na jere za su ɗauki mata da kwandunan kaya. Ganizani ya fito da rigar Joni, an yi mata guga.

"Kawu, hau baya. Injiniya shi ke fara tuƙa abin da ya gyara."

"Ka iya ɗaukar mutum?"

"Ni da na tuƙa kan jirgin ƙasa daga rumfa zuwa rumfa?"

Kawu ya hau katifarsa ta baya, karo na farko a rayuwarsa. Tamanda na kan keke na biyu, ba ta kallon komai sai fedar hagu.

Ba su wuce injin niƙa ba Ganizani ya tsaya, ya durƙusa ta gefen hagu, ya ce igiyar takalminsa ce. Takalmin ba shi da igiya. Tamanda ta ga hannunsa na murɗa feda. Aka tafi. A bakin gada ya sake tsayawa, ya ce yana sauraron lafiyar sarƙa ne. A gindin kuka ya tsaya karo na uku, ya ce zakaran na buƙatar hutu.

"Zakara bai ce komai ba," in ji Kawu. "Mu je, ana jiranmu."

Gidan yarinyar a kan tudu yake. Tun daga ƙasa ake jin guɗa, mata sun fito bakin hanya da zannuwa iri ɗaya suna waƙa, dattawa na zaune a kujeru ƙarƙashin rumfa. Ganizani ya ga jama'a, ya buga ƙararrawa, ya miƙe tsaye a kan feda don a ga yadda ake hawa tudu.

Taku na huɗu, ƙafarsa ta hagu ta taka iska.

Fedar ta yi gaba ita kaɗai, ta gangara ta tsakiyar mata masu waƙa. Ganizani ya sauka da dukan nauyinsa a kan sandar tsakiya, ya yi wata ƙara da ba a san da ita a rigar Joni ba. Keke ya karkata a hankali, kamar yana shawara, sannan ya kwanta. Kawu ya zauna daɓas a cikin yashi, malafarsa ba ta ko motsa ba, guntuwar igiya a hannunsa. Zakara kuwa ya bi ta saman kan dattawa ya dira a gindin kujerar kawun yarinya, inda aka ɗaure kazar da za a bayar. Bai jira an gaisa ba.

Waƙa ta tsaya. Kawun yarinya ya sunkuya ya duba ƙarƙashin kujerarsa, ya ɗago ya ce, "To, su dai sun daidaita. Saura mu."

Nangozo ta sauko daga kekenta ta juya baya. "Tamanda, gaya wa mijinki ya tashi daga kan kwat ɗin yayana, aro aka yi shi."

Tamanda ta matsa. "Maigida, Inna na tambaya ko ka ji ciwo."

"Ki ce mata gwaji ne," in ji shi, da wata siririyar murya. "Ana gwada birki."

Ɗaya daga cikin 'yan kabaza ya tsinto fedar, ya juya zarenta a rana, ya je ya leƙa ɗaya gefen keken. Sai ya dafe ciki.

"Jama'a, ku zo ku gani! Ta dama ce! Goma-da-Goma ya yi wa keke ƙafar dama biyu!"

"Ka ce da sa'a muka zo har nan."

"Injiniya, ba a faɗa muku a Joni ba? Ta hagu baya-baya ake yanka zarenta, tana juyawa tana ƙara kamawa. Wannan da ka sa, duk takun da ka yi kwance ta kake!"

"Su can jirgi suke ƙerawa, jirgi ba shi da feda."

Kawu Zakeyu ya miƙe, ya karkaɗe kwat, ya ɗaga kekensa ya duba madubi biyu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya duba hannun fedar, ya sa farce a cikin zaren, ya daɗe yana kallo.

"Zaren kansa mai kyau ne," ya ce. "Ya juya ne kawai ta inda ba a so. Wa ya zaɓi bakin da aka huda wannan?"

Ganizani ya buɗe baki. Tamanda ta kalli yatsan ƙafarta. Kawu ya bi kallonta ya gane.

"Tamanda. Kina gidan aka sa wa kekena dama a hagu, ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa, Kawu."

"Ya ce me?"

"Ya ce in duba wake."

"Kin duba?"

"Na duba. Bai nuna ba."

Har kawun yarinya sai da ya cire tabarau ya share ido. Kawu Zakeyu dai bai yi dariya ba. Ya jingine keke, ya ce tun da a gaban mutane aka kayar da shi, a gaban mutane zai yanke magana. Filin bakin titi ya ba Tamanda. Mijinta na iya kafa teburinsa a ciki. Amma ba zai kunna inji ba, ba zai taɓa kayan kowa ba, sai ta duba abin da ya ɗaura ta ce to. Ranar da aka ji ƙarar inji ba ta wurin, mai katin waya na nan yana jira.

"Kun ji?"

"Mun ji, Kawu," in ji Tamanda.

Ganizani ya gyara wuyan riga, ya juya ga 'yan kabaza yana ɗingishi. "Dama ina neman mai duba aiki. Babban wuri ba ya tafiya sai da shi."

Aka kama zakara, aka yi abin da aka zo yi.

An kafa rumfar kafin ruwan farko. Ganizani ne a gaba da rigar aiki yana gaisawa da masu wucewa, Tamanda tana can ciki a kan ɗan benci, bakunan huda jere a kan cinyarta cikin tsumma. Ran kasuwa wani baƙo daga bakin tafki ya sauke musu wani ƙaton ƙarfe na injin kwalekwale, mai tsatsa, noti ya karye a ciki. Ya ce, "Injiniya, za a iya?"

Ganizani ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa ya yi dariya. "Wannan? Ido rufe ma sai in yi shi."

Ya saci kallon benci. Tamanda ta girgiza kai kaɗan.

"Sai dai yau mun tashi," in ji shi.

Ƙarfe tara ne na safe.